Daga SketchUp zuwa Blender: Yadda Za Ka Kwashe Gini Ba Tare da Renda Ta Lalace Ba

Gida ya yi kyau a SketchUp, an kai shi Blender an danna renda, wato fitar da hoton ƙarshe mai haske da inuwa, sai ga baƙaƙen tabo a bango, ginshiƙin baranda ya fito da kusurwoyi kamar jikin fensir, tagogi sun yi duhu, tayil ɗin falo ya koma ruwan hoda. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su ƙara adadin Samples, wato yawan lissafin haske da ake yi wa kowane ɗigon hoto, su bar kwamfuta ta kwana tana gurnani, ko su ɗora wa katin hoto laifi. Duk ba nan matsalar take ba. Fayil ɗin da ke tafiya tsakanin manhajoji biyu siffar gini yake ɗauka, kyan da kake gani a allo kuwa akasari a gida yake barinsa. Siffar ma ba lafiya ƙalau take isowa ba. Don haka aikin yana da tsari, kuma tsarin ba a tsallake shi: awo, fuskoki, santsi, lulluɓi (hoto ko launin da ke jikin abu), sannan haske. Zan bi hanyar SketchUp zuwa Blender da Cycles, injin renda na Blender, amma yawancin abin da ke nan ya shafi mai zuwa Lumion, Twinmotion, D5 Render ko 3ds Max.

Rabin aikin kafin ka bar SketchUp

Fara da fuskoki. Kowace fuska a SketchUp tana da gaba da baya. Gaba fari ne, baya kuma shuɗi-shuɗi mai toka. Da zarar ka shafa launi, bambancin ya ɓuya, kuma SketchUp ba ta damu ba. Injin renda ya damu ƙwarai, domin da alkiblar fuska yake sanin ciki da wajen abu. Je View, Face Style, ka zaɓi Monochrome. Duk shuɗin da ka hango daga inda kyamara za ta tsaya, danna masa dama ka zaɓi Reverse Faces. Akwai Orient Faces mai juya dukkan fuskokin da ke haɗe lokaci guda, amma a kan abu mai sarƙaƙiya takan gyara nan ta ɓata can, sai ka duba bayanta. Abin da ake mantawa: idan a bayan fuska ka shafa fenti, bayan ka juya ta fentin ya koma ciki, sai ka sake shafawa.

Sai da'ira. SketchUp ba ta da da'ira ta gaskiya, gefe 24 take jerawa, baka kuma gefe 12. A ginshiƙin da faɗinsa santimita 30 ne wanda kyamara ke hange daga bakin get, 24 ta wadatar. Amma ɗauki ƙubbar masallaci mai faɗin mita 6: kewayenta ya kusa mita 19, ka raba 24, kowane gefe ya kai wajen santimita 78. Babu wani santsi da Blender za ta yi wanda zai ɓoye wannan a inda ƙubbar ta haɗu da sararin sama. Rubuta adadin gefe, 48 ko 96, lokacin da ka ɗauki kayan zana da'ira, ko ka canza shi a Entity Info kafin ka ja ta da Push/Pull. Bayan ka ja ta ta zama ginshiƙi, ƙofar ta rufe, sai dai sabon zane. Kada kuma ka wuce gona da iri ka ba marikin ƙofa gefe 96.

Na uku, sunayen matiriyal, wato fenti, tayil ko gilashin da ka shafa wa fuska. Manhajar da za ta karɓi fayil da suna take rarrabe abubuwa. Duk abin da ka bari da launin asali zai iso a matsayin abu ɗaya, ka sa wa bango fenti a Lumion ka tarar silin da dakalin kicin su ma sun sha. Ba kowane irin abu nasa sunan: bango_waje, bango_ciki, tayil_falo, gilashi, karfen_taga. Ka rubuta su da baƙaƙen boko marasa lanƙwasa, ba tazara, domin wasu tsofaffin nau'o'in fayil kan rikice da ƙ da ɗ. Kuma ka shafa a kan fuskar kanta, ba a kan Group daga waje ba. Fentin da aka shafa daga waje yakan iso da hotonsa a karkace ko da girman da ba shi ba.

Daga nan Window, Model Info, Statistics, Purge Unused. Ka kuma leƙa kayan ɗakin da ka sauko da su daga 3D Warehouse. Kujera guda a can tana iya fin gidan gaba ɗaya nauyi. Ni dai shawarata a bar itatuwa, motoci da mutane a SketchUp, a saka nasu a manhajar renda.

Nisan gini daga tsakiya

Wannan ya cancanci tsayawa, domin wanda ya faɗa cikinsa ba ya gane abin da ya same shi. Sau da yawa zanen fili daga safiyo yake zuwa a fayil ɗin zane na DWG, da lambobin UTM na ainihi, masu nuna matsayin fili a taswirar duniya da mita. Fili a Kano yana faɗawa wajen mita 450,000 gabas da mita miliyan 1.3 arewa. Idan a kan wannan zanen ka tayar da gini ba ka matsar da shi ba, gidanka yana nesa da tsakiyar duniyar manhaja da fiye da kilomita dubu.

Blender, da yawancin injinan renda, suna ajiye matsayin kowane ɗigo da lamba mai bit 32, wadda ke riƙe da kusan alƙaluma bakwai kacal. A miliyan 1.3, tazara mafi ƙanƙanta da za ta iya bambancewa santimita 12.5 ce. Bulo mai inci tara kaurinsa santimita 22.5 ne. Ka ga firam ɗin taga, gilashi, siket ɗin tayil, duk sun shige cikin wannan tazarar. Sakamakon shi ne layuka masu rawa idan ka juya kallo, inuwa mai haƙora, da fuskoki masu cin juna. Maganin bai da wuya: zaɓi wata kusurwar gini, ka rubuta lambobinta na asali a gefe saboda gaba, ka kwashe komai ka kai kusurwar kan mahaɗar layukan ja, kore da shuɗi. A manhajar farko ake yin wannan. Idan ka bari sai fayil ya shiga Blender sannan ka jawo shi tsakiya, lambobin sun riga sun gutsure.

Wane irin fayil?

OBJ tsoho ne daga kamfanin Wavefront, kuma kusan kowa yana karanta shi. Yana tafiya da ƙaramin fayil na MTL mai bayanin launi. Ba ya faɗin ma'auni, ba ya ɗaukar kyamara ko fitila, kuma bai san kwafi mai alaƙa ba: taga ɗaya da ka maimaita sau 80 a matsayin Component za ta iso tagogi 80 cikakku.

FBX na Autodesk ne. Yana riƙe jerin rukunoni da sunaye, da kyamara, da ma'auni, kuma shi ne aka fi yawan amfani da shi a harkar gini. Santimita ce ma'auninsa na asali, shi ya sa sau da yawa abu ke shigowa Blender da Scale na 0.01. Tsohon mashigin FBX na Blender ba ya karɓar irin wanda aka rubuta a ASCII; sabon da ya zo a fitowa ta 4.5 yana karɓa.

glTF, ko GLB idan an dunƙule komai a fayil guda, na ƙungiyar Khronos ne, kuma fitowarsa ta 2.0 ta zo a 2017. Ma'auninsa mita ce ba gardama, yana haɗiye hotuna a cikinsa, kuma yana bayyana matiriyal da yaren da Blender ke ji: launi, kaushi, ƙarfe ko ba ƙarfe ba. Idan SketchUp ɗinka tana fitar da GLB, da shi nake so ka fara gwadawa.

DAE, wato Collada, ya daɗe yana wa masu SketchUp hidima, amma Blender ta cire shi a fitowa ta 5.0. STL na masu buga abu da firintar 3D ne, ba launi ba lulluɓi, kada ka kusance shi don renda. 3DS kuwa na zamanin DOS ne: ba ya wuce fuska 65,536 a abu guda, kuma yana datse sunan hoto zuwa harafi takwas, hotuna biyu masu kama da suna su take juna.

Mai zane da manhajar Revit ya sani cewa FBX ɗinsa yana ɗauke da matiriyal irin na Autodesk, wanda 3ds Max ke ganewa amma Blender ke nunawa toka-toka. Hanyar IFC, nau'in fayil na musayar bayanan gini, da Bonsai, ƙarin manhaja na Blender, wanda a da ake kira BlenderBIM, ta fi kiyaye sunaye. Mai manhajar Rhino kuma ya tuna cewa lanƙwasarsa ta lissafi ce, sai a lokacin fitarwa ake yanka ta zuwa fuskoki, kuma ƙanƙantar yankan da ya zaɓa a wannan akwatin ita ce iyakar santsin da zai samu.

A akwatin Options na fitarwa daga SketchUp, kunna Export texture maps, saita Units a kan mita, sannan ka kashe Export two-sided faces. Wannan na ƙarshe yana da jan hankali domin kamar yana maganin juyayyun fuskoki, amma abin da yake yi shi ne ya fitar da kowace fuska sau biyu a wuri ɗaya. Nauyi ya ninka, baƙin tabo ya samu gindin zama. Fayil da foldar hotunansa kuma tare suke tafiya, ko a filashi ko ta intanet.

Auna ƙofa kafin komai

Da fayil ya shigo, kada ka taɓa launi. Zaɓi ƙofa guda, danna N, ka dubi Dimensions. Ƙofar da ka zana mita 2.1, nawa ta nuna? Idan 210 ce, santimita aka karanta a matsayin mita. Idan 2,100 ce, milimita ce. Idan wajen 82.7 ce, inci ne, kuma wannan yakan faru domin SketchUp a cikinta da inci take lissafi ko da mita kake gani a allo. Idan wajen 6.9 ce, ƙafa ce, irin ta Revit. Gara ka goge ka sake shigarwa da Scale ɗin da ya dace a akwatin shigarwa. Idan kuma gidan ya kwanta a bayansa, saɓanin layin sama ne: SketchUp, Blender da 3ds Max suna ɗaukar Z a matsayin sama, Maya da glTF da yawancin OBJ kuma Y. A akwatin shigarwar ake gyara shi ma.

Me ya haɗa awo da kyan hoto? Haske yana raguwa da ninkin nisa a kan kansa. Ɗakin da ya ninka girmansa sau 100, hasken ƙwan fitila zai isa bango da rauni sau 10,000. Sai mutum ya yi ta ƙara wa fitila ƙarfi har lambar ta zama abin dariya, inuwa kuma ta fito kaifi domin ƙwan ya zama ɗan mitsitsi a cikin makeken ɗaki. Dishi-dishin bayan hoto na kyamara, kaurin hazo, zurfin launin ruwa, duk da mita ake lissafa su. Kyamarar Blender ma tana daina gani a mita 100 idan ba ka ƙara Clip End ba, shi ya sa wani lokaci ake shigo da gini a rasa shi gaba ɗaya.

Bayan awo ya daidaita, zaɓi komai, Ctrl da A, ka zaɓi Rotation & Scale, don Scale ya koma 1. Idan ba haka ba, Bevel (mai rage kaifin gefe) da Solidify (mai ba fuska kauri) da za ka sa nan gaba za su ba ka kaurin da ba ka nema ba. Idan Blender ta ƙi saboda abubuwa suna raba siffa ɗaya, karɓi tayin da za ta yi maka na raba su, ko ka yi wa guda ɗaya ka sake haɗa sauran da shi.

Ɗinke fuskoki, sannan santsi

Manhajojin da ke fitar da fayil sukan tsinka fuskoki a duk inda lulluɓi ko santsi ya canza, sai a samu ɗigo biyu ko huɗu a kusurwa guda. Ido ba ya gani, amma santsi ba ya ƙetare tsaga. Shiga Edit Mode, A don zaɓar duka, M, By Distance. Bar tazarar a 0.0001 na mita kamar yadda take. Idan ka ɗaga ta zuwa santimita, za ta haɗiye gilashi da siraran firam.

Yanzu kunna Face Orientation a Overlays. Ja yana nufin bayan fuska kake kallo. Shift da N yana juya su waje a kan abin da yake rufaffe. A kan fuska tilo kamar silin mara kauri sai dai ka juya da hannu, Alt da N, Flip.

Sannan santsi. Shade Smooth kaɗai a kan gini ɓarna ce: tana ƙoƙarin lanƙwasa kusurwar bango, sai ka ga inuwa mai siffar alwatika ta ratsa bango daga lungu zuwa lungu. Abin da kake so Shade Auto Smooth ne, mai santsa duk mahaɗar da ba ta kai digiri 30 ba, ta bar sauran da kaifinsu. Tsakanin fuskokin ginshiƙi mai gefe 24 digiri 15 ne, zai yi sumul. Kusurwar bango 90 ce, za ta tsaya. Daga fitowa ta 4.1 wannan ya koma Modifier, wato gyaran da ake ɗora wa siffa ba tare da an canza asalinta ba, mai suna Smooth by Angle, don haka idan kana bin tsohon darasi kana neman akwatin Auto Smooth, ba ya nan. Idan bayan duk wannan inuwar ba ta gyaru ba, fayil ya zo da nasa bayanin santsi. Share shi da Clear Custom Split Normals Data a ɓangaren bayanan siffa, ka sake.

Baƙin tabon da ya rage, kusan kullum fuskoki biyu ne a wuri ɗaya: saman dakali da ƙasan tayil, ko bango biyu da suka shiga juna. A allo za ka gan su suna ƙyalƙyali idan ka juya kallo. Goge ɗaya, ko ka ɗaga ta milimita ɗaya ko biyu.

Lulluɓi: a nan sake gini ake yi

Ruwan hoda yana nufin Blender ba ta ga hoton ba. File, External Data, Find Missing Files, ka nuna mata folda. Daga nan Pack Resources idan za ka tura wa wani.

Ko hotuna sun dawo, kada ka amince da matiriyal ɗin da ya iso. OBJ da FBX da tsohon tsarin launi da ƙyalli suke magana, Blender kintace kawai take yi wajen mayar da shi kaushi, shi ya sa bulo kan iso yana sheƙi ko gilashi ya iso kamar katako. Abin da ka saita a injinan renda irin V-Ray ko Enscape kuwa ba ya cikin fayil ɗin sam. Haka ma duk matiriyal da aka haɗa da lissafi ba da hoto ba, sai an gasa shi ya zama hoto, wato Bake, kafin ya yi tafiya.

Idan ka sauko da cikakken saitin hotuna na tayil ko siminti, abu uku ke kayar da mutane. Hoton launi ne kaɗai ke zama a sRGB. Na Roughness, Metallic da Normal sai a mayar da su Non-Color, in ba haka ba lambobinsu sun karkace. Glossiness kishiyar Roughness ne, fari a Glossiness sheƙi, fari a Roughness kaushi, sai ka juya shi da Invert. Hoton Normal, mai nuna tudu da rami a jikin abu, kuma iri biyu ne: Blender tana bin OpenGL, Unreal da 3ds Max suna bin DirectX, bambancin a tashar kore yake. Alamar ka ɗauki wanda ba shi ba ita ce ramin tsakanin tayil ya fito kamar tudu.

Girman hoton a jikin abu ma sai an duba. Ɗora Color Grid na Blender a kan bene da bango. Murabba'ai su fito murabba'ai, ba a miƙe ba. Tayil mai santimita 60 ya shiga sau biyar a ɗakin mita 3, ƙirga da idonka. Inda ya lalace, U, Cube Projection yana gyara yawancin bangaye da benaye nan take.

Farin bango kuma kada ya zauna a 255, 255, 255 kamar yadda ya zo. Babu fentin da ke mayar da dukkan hasken da ya sauka a kansa. Sauke shi zuwa wajen 0.8, za ka ga kusurwoyin ɗaki sun dawo, renda kuma ta rage ɓata lokaci.

Gilashin taga a SketchUp galibi fuska ɗaya ce. A Cycles haske zai shiga ya karkace, ba kuma fuska ta biyu da zai fita ya miƙe, sai abin da ke waje ya gurɓata. Sa masa Solidify na milimita 6. Idan cikin ɗaki ya yi duhu da tsaki-tsaki, kashe Shadow a Ray Visibility na gilashin, rana ta shiga kai tsaye.

Sai ƙaramin abu mai babban tasiri. Gefen da SketchUp ke bayarwa kaifinsa ya wuce na duniya, ba ya kama haske. Bevel na milimita 2 ko 3 a gefen dakali, matakala da firam shi ke haifar da siririn layin hasken da ido ke karantawa a matsayin abu na gaske. Idan siffar ta cika alwatika har Modifier ɗin yana yayyaga ta, yi amfani da kullin Bevel a cikin matiriyal, wanda Cycles ke lissafawa a lokacin renda ba tare da taɓa siffar ba.

Rana da gwajin farko

Rana ba ta biyo fayil. Idan ba a canza ba, layin kore a SketchUp shi ne arewa, kuma a Blender yakan faɗa kan Y. Tabbatar da haka kafin ka kunna Sun Position ka saka wuri da lokaci. Kada ka kwafi saitin darasin da aka yi a Turai, inda ranar tsaka kullum a kudu take. A Kano, da ke kan digiri 12 arewa, daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta ranar tsaka ta arewa take karkata, kuma inuwar baranda gajeriya ce. Mai gidan da ya san filinsa zai lura.

Launi ma zai bambanta da abin da ka saba gani, domin tun daga 4.0 Blender tana wuce hoto ta AgX, mai tausasa launuka masu ƙarfi. Ba fayil ne ya ɓata su ba.

Gwajin farko ka yi shi da toka zalla: a View Layer, saka matiriyal guda a Material Override, ka sauke girman hoto zuwa kashi 25, Samples 64. Ba ya cin lokaci, ba ya cin batirin inbata, kuma duk wata tsaga, juyayyar fuska ko hasken da ke yoyo ta ƙarƙashin bango za su fito fili tunda babu launin da zai rufa musu asiri.

Idan mai gida ya canza ra'ayi

Zai canza. Don haka tun farko ka zuba duk abin da ya zo daga SketchUp a Collection ɗinsa daban, fitilu, kyamara, itatuwa da kayan ɗaki kuma a nasu. Idan gyara ya zo, fitar da abin da ya canza kawai da Export only current selection, kuma kada ka matsar da tsakiya ko ka canza sunan matiriyal. Blender za ta shigo da sababbin da lamba a wutsiya, bango_waje.001. A Outliner, koma Blender File, danna wa mai lambar dama, Remap Users, ka zaɓi na asali wanda ka riga ka gyara. Ka kuma danna wa matiriyal ɗinka alamar garkuwa ta Fake User kafin ka goge tsohon bango, domin Blender tana zubar da duk matiriyal da ba mai amfani da shi idan aka adana fayil aka sake buɗewa. Masu Lumion da LiveSync, ko Twinmotion da Datasmith Direct Link, an ɗauke musu wannan ɗawainiyar, gyara yana bayyana a can kai tsaye, amma juyayyar fuska, da'ira mai gefe 24 da ginin da ke nesa da tsakiya suna bin wannan hanyar su ma.